Dawo da Salsalar Zane: Jagorar Gane Gaɓoɓin Fayil da Ya Zo Daga Wata Manhaja

Yawancin injunan da ke aiki a rukunin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa ba a Kano aka ƙera su ba, odarsu aka yi daga ƙasashe irin su Sin da Indiya da Jamus da Italiya, kuma tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki cikin ƙaramar hukumar Kumbotso a watan Janairun 2023 an gina ta ne domin kwantenonin kaya su riƙa isowa Kano a sauke su a nan. Inji kuwa komai tsadarsa yana da ranar da wani ƙarfe a cikinsa zai cinye ko ya tsage, ko a injin saƙar buhu ne, ko a injin zuba roba, ko a famfunan majemun Challawa da sinadari ke ci dare da rana. Tun da jiran canji daga waje kan tsayar da aiki na makonni, masu masana'anta sun fi son a sassaƙa ƙarfen a gida, kuma idan aka yi dace kamfanin da ya ƙera injin yakan turo fayil ɗin zanen ƙarfen mai nuna tsawo da faɗi da kauri. A nan ne sabon mai zane ke haɗuwa da matsalar da wannan jagora ta shafa: fayil ɗin zai buɗu, siffar ta fito cif a allon kwamfuta, amma da zarar an nemi a faɗaɗa rami ko a ƙara kauri sai a tarar babu inda za a kama.

Dalili shi ne yadda manhajojin zanen injiniya, waɗanda ake kira CAD a taƙaice, suke gina siffa tun bayan fitowar Pro/ENGINEER a ƙarshen shekarun 1980. Mai zane yakan fara da zanen tushe a shimfiɗe, ya ja shi ya yi kauri, ya huda rami, ya mulmule gefe, kuma kowane ɗaya daga waɗannan ayyuka, wanda a nan za a kira shi gaɓa, manhajar tana ajiye shi a jere tare da awonsa. Wannan jeri shi ne salsalar zane, domin yana faɗin wa ya haifi wa, kuma idan aka koma aka canja awon wata gaɓa ta farko, duk waɗanda suka biyo bayanta sukan gyara zamansu. Amma salsala sirrin kowace manhaja ce, ba ta tsallakawa zuwa wata. Abin da fayil irin STEP ko IGES ke ɗauke da shi bayanin fatar siffar ne kawai, wato fuskoki da gefunan da suka haɗa su da kusurwoyin da gefunan suka haɗu, kamar yadda akwati ke da fuska 6 da gefe 12 da kusurwa 8. Don haka abin da ke isowa dunƙule ne marar salsala, kuma aikin gane gaɓoɓi shi ne a dubi wannan dunƙule a sake gina masa jerin ayyukan da za su iya haifar da shi.

Binciken yadda kwamfuta za ta yi wannan ya daɗe, domin Kyprianou ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a jami'ar Kambirij ta Ingila a 1980, sannan Joshi da Chang suka fitar a 1988 da hanyar duban maƙwabtakar fuskoki, inda ake lura da ko gefen da ya haɗa fuska biyu ya turo waje ne ko ya lotsa ciki. Fuskokin da gefuna masu lotsawa suka kewaye alamar aljihu ce da aka ƙwaƙule, fuska mai zagaye wadda ƙarfe ke bayanta alamar rami ce. Abin lura a nan, wanda kuma shi ne tushen yawancin kurakuran masu koyo, shi ne manhaja siffa take gani, ba ta ganin niyyar wanda ya yi zanen, kuma siffa ɗaya ana iya gina ta ta hanyoyi goma, tara daga ciki ba su da amfani ga wanda zai yi gyara.

Abubuwan da ake bukata

Na farko, manhaja mai iya aikin. Misalan wannan jagora sun fi karkata ga SolidWorks da ɓangarenta mai suna FeatureWorks, amma Inventor da Creo da Solid Edge da NX kowace tana da nata kayan aikin da ya yi kama da wannan, kuma ƙa'idojin ba su canjawa.

Na biyu, ainihin ƙarfen da ya lalace, ko abokin zamansa a jikin injin, tare da ma'aunin baniya da ma'aunin zaren noti, domin fayil na iya zama na wani samfurin injin ne daban da wanda ke ƙasa.

Na uku, zanen takarda na kamfanin idan akwai shi, ko da hotonsa ne a waya.

Na huɗu, batirin riƙon wuta ko kwamfutar tafi-da-gidanka mai lafiyayyen batiri. Wannan ba ƙawa ba ce ga mai aiki a Sharaɗa ko Zawaciki, domin 'yan daƙiƙun da ke tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareto sun isa su share aikin awa guda.

Na biyar, takarda da biro, da kuma tabbacin cewa masana'antar tana da izinin amfani da zanen, domin wasu fayilolin suna zuwa da sharaɗin kada a kwaikwaya.

Mataki na 1: A tabbatar aikin ya cancanci a yi shi

Ba kowane dunƙule ke bukatar salsala ba, kuma mai koyo da ya ɗauka wajibi ne duk fayil ɗin da ya shigo a gane gaɓoɓinsa yana ɓata wa kansa lokaci ne. Idan ƙarfen za a sassaƙa shi yadda ya zo, manhajar da ke shirya wa injin sassaƙa mai bin umarnin kwamfuta hanyar da wuƙarsa za ta bi ba ta tambayar salsala, fuskokin kawai take bi. Idan abin saye ne, kamar motar lantarki ko boris, wanda aka sauko da zanensa don a ga ko zai zauna a gurbinsa, gara a bar shi a dunƙule, domin ba wanda zai canja masa awo. Idan gyaran guda ɗaya ne, kamar matsar da fuska da milimita 2 ko toshe rami, akwai gyaran kai tsaye, inda ake kama fuskar a tura ta ba tare da an nemi tarihinta ba, hanyar da ta yi ƙarfi tun da Siemens ta fito da Synchronous Technology a 2008.

Gane gaɓoɓi yana biyan wahalarsa ne idan ƙarfen zai riƙa canjawa, ko za a fitar da shi girma-girma, ko masana'antar na son ta mallaki zanen da kowane injiniyanta zai iya gyarawa nan gaba. Akwai kuma hanya ta uku da ƙwararru ke yawan bi ba tare da sun faɗa ba, wato a ajiye dunƙulen a gefe a matsayin madubi, a sake zana ƙarfen daga farko ana ɗaukar awo daga jikinsa. Ga ƙarfe mai gaɓoɓi shida ko bakwai wannan ya fi sauri, ga gangar famfo ta zubi mai lanƙwashe-lanƙwashe kuwa sau da yawa ita kaɗai ce hanyar da ke ɓullewa.

Mataki na 2: A nemi fayil ɗin da ya dace

Rabin wahalar aikin ana iya kauce mata da saƙo guda zuwa ga wanda ya turo fayil ɗin. Kowace manhaja tana da injin lissafin siffa a cikinta, kuma SolidWorks da Solid Edge da NX da Onshape duk Parasolid suke amfani da shi, don haka idan ɓangarorin biyu suna cikin wannan dangi, fayil mai ƙarshen x_t shi ne mafi tsafta tun da babu fassara a tsakani. In ba haka ba sai STEP, wato ƙa'idar duniya mai lamba ISO 10303 da ta fara fitowa a 1994, kuma a cikin rassanta AP242 na 2014 ya haɗe abin da AP203 da AP214 ke ɗauke da shi, har yana iya ɗauko bayanan awo idan mai turowa ya sa su. IGES, wanda ya fito a 1980 kuma aka daina sabunta shi bayan 1996, a bar shi sai in babu makawa, domin yakan iso a matsayin fuskoki warwatse da sai an ɗinke su, kuma yakan mayar da sauƙaƙan siffofi irin su bututu zuwa lanƙwasasshiyar fuska ta lissafi wadda manhaja ba za ta gane rami ba ce.

STL kuwa, wanda kamfanin 3D Systems ya ƙirƙiro a 1987 domin injunan buga siffa, ba ya cikin wannan magana. Shi tarin ƙananan alwatika ne da aka lulluɓe siffar da su, babu da'ira ko ɗaya a cikinsa, babu kuma bayanin ko milimita ne ko inci. Wanda aka turo wa STL ko dai ya nemi a sake turo masa STEP, ko ya ɗauke shi a matsayin madubi ya sake zane.

Mataki na 3: A ajiye asali, a yanke alaƙa, a duba ma'auni

Kafin a taɓa komai a ajiye kwafin fayil ɗin yadda ya zo a wani wuri daban, domin shi ne shaidar da za a gwada aikin da ita a ƙarshe, kuma a zaɓin FeatureWorks a umarce ta ta buɗe sabon fayil maimakon ta rubuta a kan tsohon. Masu SolidWorks na 2017 zuwa sama su lura cewa tsarin 3D Interconnect yakan buɗe baƙon fayil yana ɗaure da asalinsa, kuma muddin wannan ɗauri yana nan ba za a iya gane gaɓoɓi ba sai an yanke shi da umarnin Break Link. Masu koyo da yawa sukan zaci manhajar ce ta lalace alhali wannan ne kawai.

Daga nan a auna wani wuri da aka sani, a gwada da ƙarfen da ke hannu. Idan an karanta inci a matsayin milimita siffar za ta ƙanƙance sau 25.4, nauyinta kuma ya ragu fiye da sau 16,000, wanda ba ya ɓuya ga mai ido. Wanda ke ɓuya shi ne ƙarfen da aka zana da inci aka fassara daidai, inda za a ga awo irin su 12.7 da 6.35 da 9.525, waɗanda su ne rabin inci da rubu'insa da uku bisa takwas ɗinsa. Mai koyo da ya ga 12.7 ya ce bari ya gyara ta koma 13 ya ɓata ƙarfen ke nan tun bai fara ba.

Mataki na 4: A yi wa dunƙulen magani

Manhajoji ba su yi ittifaƙi a kan iyakar tazarar da za a ɗauka gefuna biyu sun haɗu ba, don haka abin da ya rufu ruf a manhajar mai turowa yana iya isowa da 'yar kafa da ido ba ya gani. Umarnin Import Diagnostics yana fito da fuskoki masu aibi da kafofin da ke tsakaninsu, kuma ƙa'ida ita ce a fara gyara fuskokin kafin kafofin, domin sau da yawa fuska ɗaya da ta karkace ita ke buɗe kafa uku ko huɗu, tana daidaita su rufe da kansu. Inda gyaran kai-da-kai ya gaza, a goge fuskar a sake cike gurbinta da hannu. Akwai kuma manhajojin da ke raba kowane rami gida biyu kamar an tsaga gora, da siraran fuskoki kamar zare da ke maƙalewa a gefuna, waɗannan duk a haɗe su ko a share su yanzu.

Wanda ya tsallake wannan mataki zai ga manhajar ta gane rabin gaɓoɓin ta cije, ko ta yi ta juyi har kwamfutar ta sandare. Alamar an gama ita ce manhajar ta lissafa abin a matsayin jiki ɗaya cikakke, ba tarin fuskoki ba. A nan sai a sa masa irin ƙarfensa, misali ƙarfe mai nauyin giram 7.85 a kowace santimita mai fuska shida ta akwati ko alminiyom mai 2.7, a rubuta nauyinsa da jimillar faɗin fuskokinsa da inda cibiyar nauyinsa take a takarda.

Mataki na 5: A karanta ƙarfen kafin a danna komai

A yanka siffar a allo ta tsakiya a ga cikinta, domin ramukan mai da matakalar da boris ke tokara da ita ba su bayyana daga waje. Sannan mai zane ya tambayi kansa yadda da shi ne zai gina wannan ƙarfe daga babu, ya rubuta jerin a takarda. A ɗauki misalin gidan boris na injin jan kaya a wata masana'antar buhu: gindi mai tsawon milimita 140 da faɗin 60 da kaurin 16, doro mai zagaye da faɗinsa ya kai 72, ramin boris mai lamba 6205 wanda faɗinsa na waje 52 ne, ramukan noti huɗu masu faɗin 11, ƙaramin ramin giris a sama, da mulmulen gefe na milimita 3 inda doron ya haɗu da gindi. Jerin da ya dace shi ne gindi, doro, ramin boris, ramukan noti, ramin giris, sannan mulmule a ƙarshe.

A kuma duba inda ƙarfen ya zauna. Wanda aka ciro daga zanen inji sukutum yakan iso a karkace, nesa da cibiyar fayil, kuma duk zanen tushen da aka gina a kansa haka zai gaji karkacewar. A matso da shi yadda layin tsakiyar ramin boris zai hau kan ɗaya daga manyan layukan fayil ɗin, ƙasan gindin kuma ya kwanta a kan shimfiɗa.

Mataki na 6: A kwance ginin daga sama zuwa ƙasa

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: abin da aka yi a ƙarshe shi ake fara ganewa. Duk gaɓar da manhaja ta gane takan cire ta daga jikin dunƙulen, ta miƙa fuskokin da ke kewaye su rufe gurbin, don haka dunƙulen yana ƙara sauƙi ne mataki-mataki har ya koma gundumen farko. Kamar mai rushe ɗakin soro ne yana son ya tsira da azara, wanda dole ya fara daga rufi. A gidan boris ɗin nan za a fara da mulmulen gefe, wanda masu aikin ke kira filet, da yankan gefe mai karkata da ake kira camfa idan akwai shi, sannan ramin giris, sannan ramukan noti, sannan ramin boris, sannan doro, gindi ya zo ƙarshe. Idan aka nemi gane doron alhali mulmulen yana nan, manhajar ba za ta sami tsayayyen gefen da doron ya tashi daga kansa ba, sai ko dai ta ƙi, ko ta cusa lanƙwasar cikin zanen tushe, inda ba za a ƙara iya canja ta da lamba ɗaya ba.

Su kansu mulmulen suna da nasu jerin. Inda ƙarami ya bi ta kan babba, ƙaramin ne na baya, shi za a fara cirewa, kuma inda uku suka haɗu a kusurwa ɗaya sau da yawa sai an zaɓe su tare. Wanda ya ƙi ganuwa sam, a goge fuskokinsa a bar maƙwabtan su haɗe, a rubuta awonsa a takarda, a mayar da shi da hannu bayan an gama.

FeatureWorks tana da hanya biyu, ta kai-da-kai inda take gane komai da kanta, da ta zaɓi inda mai zane ke nuna mata fuska ya faɗa mata irin gaɓar. Maɓallin kai-da-kai shi ne tarkon masu koyo, domin yana ba da jeri mai tsawo cikin daƙiƙu kuma siffar ba ta canja ba, sai mutum ya ɗauka ya gama. Amma idan aka buɗe jerin akan tarar an ja gindin daga gefe maimakon daga ƙasa, an mai da doron wani babban gundume da aka yanke sau biyar, ramukan noti huɗu kuma kowanne yana zaman kansa. Abin da ya fi shi ne a haɗa hanyoyin biyu, a bar wa kai-da-kai mulmule da yankan gefe da sauƙaƙan ramuka, waɗanda ta ƙware a kansu, manyan gaɓoɓin da ke ɗauke da ma'anar ƙarfen kuma a nuna su da hannu. Duk abin da aka yi a kan injin juya ƙarfe, kamar shaf ko fulin bel, a gane shi a matsayin gaɓar juyi, wato rabin siffa da aka kewaya da ita a kan layin tsakiya, ba tarin faya-fayai da aka ɗora wa juna ba.

Inda manhaja ta fi ruɗewa shi ne inda gaɓoɓi suka ratsa juna, kamar ramin giris da ya faɗa cikin ramin boris, ko ramukan ruwan sanyaya da suka gicciye a cikin ƙarfe, domin kowanne ya cinye wani yanki na fuskar ɗan'uwansa. A irin wannan a fara da ƙaramin da ya shigo daga baya. Ba dole ba ne kuma a gama a zama ɗaya, domin ana iya gane wasu gaɓoɓin a rufe a ajiye, ragowar dunƙulen ya zauna a kan jerin har a dawo masa. Tun da abin da ake yi a tsakiyar aikin ganewa ba ya shiga fayil sai an kammala zagayen, mai aiki inda wuta ba ta da tabbas gara ya yi gajerun zagaye yana ajiyewa.

Kayan roba, waɗanda su ne abincin masana'antu da yawa a Sharaɗa, suna da nasu hali. Bangon bokiti ko na kujerar roba ba ya miƙewa sak, yana da ɗan gangare na digiri 1 ko 2 domin kayan ya zare daga ƙarfen da aka zuba narkakkiyar robar a cikinsa, wanda za a kira uwar zubi. Cikinsa kuma a rarake yake kamar ƙwarya, da haƙarƙarin ƙarfafawa a ciki. Jerin kwancewar shi ne mulmule, haƙarƙari, rarakewa, gangare, sannan jiki. Wajibi ne kuma a san ko fayil ɗin na kayan ne ko na uwar zubi, domin roba tana tsukewa idan ta huce, kuma an riga an ƙara wa uwar zubi wannan rara, ta yadda inda kayan ke da 100 za a ga 102 idan an yi lissafin tsukewar kashi 2 cikin ɗari. Wanda ya mayar da 102 zuwa 100 zai sami murfin da ba ya rufe bokitinsa, haka ma wanda ya sake ƙara rarar a kan wadda ke nan.

Mataki na 7: A mayar wa zanen da niyyarsa

Bayan manhaja ta gama, abin da ke hannu salsala ce ta aro, kuma sai an bi zanen tushen kowace gaɓa an ɗaure shi. Layukan da ya kamata su kasance a miƙe a ɗaure su a miƙe, da'irorin da ke da cibiya ɗaya a haɗa cibiyarsu, awon da ya fito 51.9998 saboda fassara a mai da shi 52 bayan an tabbatar da lambar boris ɗin. Awon da manhaja ke zubawa da kanta yakan tashi daga duk kusurwar da ta ga dama, alhali a gidan boris awon da injin ya dogara da shi shi ne tsayin cibiyar ramin daga ƙasan gindi, domin shi ke sa shaf ya zauna daidai da abokin tafiyarsa.

Amfanin wannan yana fitowa ne ranar gyara. A ce an canja shaf ɗin zuwa mai kaurin milimita 30, wanda ke bukatar boris 6206 mai faɗin waje 62. Idan an bar faɗin doron a matsayin lamba 72 mai zaman kanta, faɗaɗa ramin zai rage kaurin bangon daga 10 zuwa 5 ba tare da manhajar ta yi ko tari ba, kuma gidan zai iya tsagewa a bakin aiki. Idan kuwa an rubuta cewa faɗin doro shi ne faɗin rami a ƙara 20, doron zai koma 82 da kansa. Babu manhajar da za ta iya hango wannan daga siffa, sai wanda ya san abin da bangon ke ɗauka.

Ramuka suna bukatar kulawa ta daban, domin zaren noti, wato murɗaɗɗen layin da noti ke bi, galibi ba a zana shi a jiki, alama kawai ake sa masa, alamar kuma takan faɗi a hanya. Ramin da ya iso da faɗin 5 yana iya zama na zaren M6, mai 6.8 na M8, mai 8.5 na M10, yayin da mai 11 rami ne da notin M10 zai wuce ta ciki salin-alin. A gwada da ƙarfen da ke hannu, a mayar da kowane rami irinsa na gaskiya. Ramukan noti huɗun kuma a haɗe su su zama rami ɗaya da aka maimaita, kowace gaɓa a ba ta suna mai ma'ana maimakon lambar da manhaja ta laƙa mata.

Mataki na 8: A gwada sabo da tsoho

A sake duba nauyi da faɗin fuskoki da cibiyar nauyi, a gwada da abin da aka rubuta a mataki na 4. Daidaituwar nauyi kaɗai ba hujja ba ce, domin ramin da ya matsa daga gurbinsa bai rage ko giram ɗaya ba, cibiyar nauyi ce za ta tona shi. Gwajin da ya fi ƙarfi shi ne a ɗora sabon a kan asalin da aka ajiye, a debe wannan daga wancan, sannan a juya a debe wancan daga wannan, kuma duk ɓarɓashin da ya rage shi ne wurin da suka saɓa. Bayan haka a jijjiga salsalar da gangan, a canja manyan awo biyu ko uku a ga ko jerin zai sake ginuwa ba tare da jan gargaɗi ba, sannan a mayar da su yadda suke.

Mataki na 9: A rubuta abin da siffa ba ta faɗa

Dunƙule yana ɗauke da awo na tsakiya ne kawai, ba ya faɗin rangwamen awo, wato iyakar abin da aka yarda ƙarfe ya ƙaru ko ya ragu da shi. Ramin boris da ke 52 a allo, a takardar mai sassaƙa yana iya zama 52 H7, ma'ana daga 52.000 zuwa 52.030, kuma wanda aka ba 52 tsirara yana iya fitar da ramin da boris zai yi ta rawa a ciki ko wanda sai an sa guduma. Haka nan irin ƙarfen, da ko an gasa shi don ya yi tauri, da santsin da ake so a fuskar da boris zai zauna, duk ba su cikin siffar. Waɗannan daga zanen takardar kamfanin ake ɗauko su, ko daga littafin masu ƙera boris, ko daga gwajin tsohon ƙarfen, tare da tuna cewa tsohon ya riga ya cinye a daidai wuraren da aka fi bukatar awonsu, don haka ramin da baniya ta nuna 52.2 ba shi ne awon asali ba.

A ƙarshe a fitar da zanen takarda daga sabon fayil ɗin, a sa masa lambar injin da kwanan wata da sunan fayil ɗin da aka samo shi daga ciki, a miƙa wa mai sassaƙa tare da sabon STEP da kuma boris ɗin da zai zauna a ramin, domin ya gwada shi a jiki kafin ya sauke ƙarfen daga kan inji.